Amsoshin Tambayoyinku: Ana iya gane majinyacin da zai kai duka tun bai ɗaga hannu ba?

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban daɗe da kama aiki a asibitin masu taɓin hankali ba, sai aka tura ni ɗakin da ake kulle ƙofarsa, inda ake kwantar da waɗanda ake gudun kada su ji wa wani rauni, har da waɗanda kotu ta aiko. Manyanmu a wurin aiki sukan ce idan ka daɗe, da ido kawai za ka gane wanda zai tashi, wai labarin zuciya a tambayi fuska. Amma na ji an ce a ƙasashen Turai akwai wata takarda da ake cikewa kullum, ita ke nuna wanda zai kai duka. Da gaske ne? In haka ne, wanda takardar ta nuna, ɗaure shi ake yi ko allura ake yi masa tun bai yi komai ba? Daga wata 'yar'uwa da ta nemi a sakaya sunanta.

AMSA: Allah ya yi wa aikinki albarka, ya tsare ki da waɗanda kike jinya.

Takardar akwai ta, ba ma guda ɗaya ba. Sai dai ba ta faɗin wanda zai kai duka. Abin da take faɗi shi ne wanda ya kamata a matsa kusa da shi daga yanzu zuwa gobe warhaka. Duk wanda ya karanta ta ya ɗauko igiya ko allura kai tsaye, bai fahimci abin da ke hannunsa ba. Bari mu bi maganar a hankali, domin tana da rassa.

Mu fara da idon manyanki. Kada ki raina shi. Nas ɗin da ta shekara ashirin a ɗaki irin naku tana ganin abubuwan da ke ba za ki gani ba tukuna: yadda tafiyar mutum ta canza, yadda ya daina haɗa ido, yadda ya ƙi abincin da jiya ya cinye. Amma an taɓa gwada idon ƙwararru a fili, kuma sakamakon bai yi wa likitoci daɗi ba. A shekarar 1966 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani mai suna Johnnie Baxstrom, wanda aka ci gaba da tsarewa a asibitin fursunoni masu taɓin hankali na Dannemora, a jihar New York, bayan wa'adin ɗaurinsa ya ƙare. Wannan hukunci ya sa aka kwashe majinyata kusan 1000, waɗanda aka daɗe ana tsare da su a kan cewa masu haɗari ne, aka mayar da su asibitoci na gama-gari. Masu bincike biyu, Henry Steadman da Joseph Cocozza, suka bi sawunsu har shekara huɗu. Kimanin ɗaya cikin biyar ne aka samu ya taɓa wani, waɗanda kuwa aka mayar asibitin tsaro ba su kai 3 cikin 100 ba. Zuwa 1981, da masanin halayyar ɗan Adam John Monahan ya tattara binciken da ake da shi a lokacin, sai ya ga cewa idan likita ya ce wane zai kai hari, sau biyu cikin uku maganarsa ba ta tabbata.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Mutum yana tuna ranar da hasashensa ya faɗa daidai, ya mance ranakun da ya kuskure. Ƙaton majinyaci mai babbar murya ya fi tsorata ma'aikata a kan siririn da ke zaune a lungu shiru, ko da na lungun ne abin tsoro. Wanda aka mara a makon jiya, idonsa ba ɗaya yake da na wanda bai taɓa shan mari ba. Sannan ido ba ya miƙuwa: idan mai aikin safe ta tashi, abin da ta hango yakan tafi gida tare da ita, mai aikin dare ta zo ta fara daga farko.

Akwai kuma tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko: wannan mutumin, idan aka sallame shi, akwai yiwuwar ya cutar da wani nan da wata shida ko shekara? Wannan tambayar kotu ce da kwamitin sallama, kuma ma'aunin da ya fi shahara a kanta shi ne HCR-20, wanda Christopher Webster da abokan aikinsa suka fitar a Kanada a 1995, aka fitar da bugu na uku nasa a 2013. Abubuwa 20 yake dubawa, goma daga ciki tarihin mutum ne: ya taɓa kai hari, yana shaye-shaye, yaya zamansa da mutane, da makamantansu. Cike shi yana cin sa'o'i, sai an karanta fayil an zauna da majinyaci. Tambaya ta biyu ita ce taki: a daren yau, cikin mutanen da ke wannan ɗaki, wa ya fi bukatar kulawa? A nan tarihi ba ya raba gardama, domin a asibitin tsaro irin Broadmoor na Ingila, wanda aka buɗe tun 1863, ko Rampton, ko Ashworth, kusan kowane majinyaci yana da tarihin tashin hankali, shi ne ma ya kawo shi. Tarihin da ke fayil jiya shi ne yau, shi ne gobe. Abin da ke sauyawa daga safe zuwa yamma shi ake nema.

Takardar da aka ba ki labari, ina kyautata zaton ta Broset ce, wadda ake taƙaita sunanta da BVC. Broset sunan wani asibitin tsaro ne a garin Trondheim na ƙasar Norwe. Abin da ya kamata ya faranta miki rai shi ne daga rubutun nas-nas aka samo ta. A 1995 wasu masu bincike biyu, Linaker da Busch-Iversen, suka bi rahotannin da ma'aikatan jinya ke rubutawa kullum a asibitin, suka fitar da halaye iri-iri fiye da 50, suka duba waɗanne ne suka fi bayyana a cikin sa'o'i 24 kafin majinyaci ya kai hari. Shida suka yi fice. Daga nan Roger Almvik da Phil Woods suka mayar da su takarda mai shafi ɗaya. Ashe ke nan idon manyanki ne dai aka tace, aka zubar da tsakuwa, aka rubuta abin da ya rage domin kowa ya yi aiki da abu ɗaya.

Ga halayen. Na farko rikicewa: mutum bai san inda yake ba, ko wace rana ce, ko wa ke gabansa. Na biyu saurin fushi, abu kaɗan ya harzuƙa shi, ba ya son kowa kusa da shi. Na uku hayaniya, yana ɗaga murya, yana buga ƙofa. Sai barazana da baki, wadda ta wuce ɗaga murya kawai, akwai niyyar tsoratarwa a cikinta. Sai barazana da jiki: ya dunƙule hannu, ya ja daga, ya cakumi rigar wani. Na ƙarshe huce haushi a kan kaya, ya shuri kujera, ya yi jifa da kwano, ya fasa taga. Kowanne in an gan shi maki ɗaya ne, in ba a gani ba sifili. Jimilla ta tsaya a sifili, haɗarin kaɗan ne. Ɗaya ko biyu, matsakaici, a fara ɗaukar mataki. Uku zuwa sama, haɗarin babba ne, a tanadi abin da za a yi. Nas ɗin da ke tare da majinyacin ce ke cikewa, a kowane zangon aiki, kuma ba ya cin fiye da 'yan mintoci.

Akwai wata ƙa'ida a nan da sababbin ma'aikata ke yawan tsallakewa, alhali ita ce ƙashin bayan abin. Majinyacin da kuka sani, da kansa ake auna shi, ba da wani ba. A ce akwai dattijon da kullum yana surutu da ƙarfi, yana faɗa da muryoyin da shi kaɗai ke ji, kuma ya yi watanni a haka bai taɓa kowa ba. Wannan hayaniyar tasa sifili ce. Ranar da ta zarce yadda aka saba, ranar take zama ɗaya. In ba a kiyaye wannan ba, za a wayi gari wasu mutane kullum makinsu a sama, ma'aikata su saba gani har su daina kulawa, ko kuma su riƙa takura wa bawan Allah a kan ciwon da ba shi ya ɗora wa kansa ba.

Ƙanwar wannan takarda ita ce DASA, wadda James Ogloff da Michael Daffern suka wallafa a 2006 bayan aikin da suka yi a asibitin tsaro na Thomas Embling da ke Melbourne, a Ostareliya. Ita abubuwa bakwai take dubawa, biyu daga ciki, saurin fushi da barazanar baki, daga ta Broset ta aro su. Sauran kuwa sun fi karkata ga mu'amala: yin abu ba tare da tunani ba, ƙin bin umarni, ganin kowane motsi a matsayin tsokana, fusata idan an hana shi abin da ya roƙa, da mugun kallo ga mutane da dokar wurin. A ganina wannan karkatar ita ce amfaninta, domin tana tuna wa ma'aikaci cewa shi ma yana cikin lissafin. Akwai kuma START ta Kanada, ta 2004, mai duba makonni zuwa wata uku, wadda ke ƙirga ƙarfin mutum tare da rauninsa. A 2015 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar a riƙa amfani da BVC ko DASA a ɗakunan masu taɓin hankali maimakon dogara da hasashen ma'aikaci shi kaɗai.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu, domin a nan amsar tambayarki ta biyu take. A gwajin da Almvik da abokansa suka wallafa a 2000, takardar ta kama kimanin 63 cikin 100 na waɗanda suka kai hari, ta kuma wanke kimanin 92 cikin 100 na waɗanda ba su kai ba. Lambobin suna da kyau a ido. To amma mu yi lissafi na misali. A ce an cike takarda sau 1000, kuma a cikin waɗannan sau 20 ne hari ya biyo baya, tunda ko a ɗakin tsaro yawancin ranaku lafiya ake kwana. Takardar za ta kama kimanin 13 daga cikin 20 ɗin, bakwai su wuce ta. A cikin sauran 980 da ba abin da ya faru, za ta yi ƙararrawar banza a kan kimanin 78. Ke nan ta yi gargaɗi sau 91, sau 13 ne kawai gargaɗin ya tabbata, wato ɗaya cikin bakwai. Da za a ɗaure duk wanda ta nuna, an ɗaure mutum shida da ba za su yi komai ba domin a tare mutum ɗaya. Wannan zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Takardar ta fi gaskiya idan ta ce lafiya fiye da idan ta ce haɗari.

To mene ne amfaninta? Kamar hadari ne idan ya haɗu a gabas: ba kowane hadari ke zubar da ruwa ba, amma mai shanya a waje takan kwashe, domin kwashewar ba ta da tsada. Matakin da ke biyo bayan maki ya zama mai sauƙi irin wannan, wanda ko gargaɗin bai tabbata ba, majinyaci bai yi asarar komai ba. An gwada haka a Suwizalan. Christoph Abderhalden da abokan aikinsa suka sa ma'aikatan wasu ɗakunan karɓar sababbin majinyata su riƙa cike wani nau'i na takardar Broset sau biyu a rana, a kwana ukun farko na kowane majinyaci, tare da tattauna abin da za a yi idan maki ya hau. A rahotonsu na 2008, munanan hare-hare sun ragu da 41 cikin 100, amfani da ƙarfi a kan majinyata kuma ya ragu da 27 cikin 100. Ki lura da na biyun. Duka ya ragu, ɗauri ma ya ragu. Ba takardar ce ta yi aikin ba, zaman da aka yi a kanta ne.

Idan maki ya hau, tambayar farko ita ce me ya same shi yau. Sau da yawa amsar ba ta cikin taɓin hankalin ma. Rikicewar da ta zo farat ɗaya tana iya zama zazzaɓi, ko sukarin jini ya faɗi, ko bugun da ya samu a kai, ko bayan farfaɗiya, kuma wannan aikin likita ne na gaggawa. Wanda ya saba da giya ko ƙwayoyi, kwanakin farko na rabuwa da su sukan zo da karkarwa da firgita. Akwai kuma wata illa ta magunguna irin su haloperidol, inda mutum ke jin ƙafafunsa ba za su iya tsayawa wuri ɗaya ba, yana ta kai da komo cikin ƙunci. Mai kallo sai ya ɗauka tashin ciwo ne, a ƙara masa maganin da ya jawo abin, a ƙara dagula shi. Sauran dalilan na kowa da kowa ne: ciwon haƙori, rashin barci, zafi da cunkoso, wani majinyacin da ke tsokanarsa, 'yan'uwan da suka ce za su zo ba su zo ba, ko labarin cewa kotu ta sake ɗage zama.

Sai maganar baki. Binciken da aka yi a ɗakunan jinya daban-daban ya nuna cewa kaso mai yawa na rigingimu suna farawa ne daga mu'amala da ma'aikaci, musamman lokacin da aka hana majinyaci wani abu ko aka tilasta masa wani. Hanin kansa wani lokaci dole ne. Yadda aka faɗe shi ne ke hannunki. Mutumin da a gidansu Baba ne ko Malam, idan yarinya sa'ar 'yarsa ta daka masa tsawa a gaban jama'a, ciwon bai cire masa jin kunya da zuciya ba. Ki kira shi da sunan girmamawar da ya saba ji. Mutum ɗaya ya yi magana, kada a yi masa taron dangi. Ki tsaya ta gefe, da 'yar tazara, kada ki tare masa ƙofa, ke ma kada ki bari a tare miki. Ki tambaye shi abin da ke damunsa, ki saurara har ya gama. In akwai zaɓi, ki ba shi: ya fita tsakar gida ya sha iska, ko ya koma ɗaki mai shiru. In ana bukatar magani, a fara tayin na sha kafin a je ga allura. Tsarin Safewards da Len Bowers ya jagoranta a Landan, wanda aka gwada a ɗakuna 31 aka wallafa a 2015, irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ya tattara, kuma rigingimu sun ragu da kimanin 15 cikin 100.

Riƙe mutum da ƙarfi, ko keɓe shi a ɗaki, ko allurar kwantarwa ba da yardarsa ba, suna da wurinsu, ba zan ce miki babu ba. Wurin shi ne lokacin da cutarwa ta zo gab, sauran hanyoyi sun ƙare, kuma na ɗan lokaci ƙanƙani, da ma'aikatan da aka horar, ana lura da numfashinsa. Dalilin wannan tsanani kuwa rayuka ne. David Bennett ya rasu a 1998 a wani asibitin tsaro a Norwich, a Ingila, bayan an danne shi rub da ciki na kimanin minti 25. Olaseni Lewis, saurayi ɗan shekara 23, ya rasu a 2010 bayan 'yan sanda 11 sun danne shi a asibitin Bethlem da ke Landan, kuma mutuwarsa ce ta haifar da dokar 2018 da ta wajabta wa asibitocin taɓin hankali na Ingila rubuta duk wani amfani da ƙarfi. A nan gida, rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2019 ya nuna ana sa wa masu taɓin hankali sarƙa a wurare da dama a Nijeriya, daga gidajen mari da na masu maganin gargajiya har wasu cibiyoyin gwamnati. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin majinyata. Zai zama abin takaici a ɗauko takardar da aka yi domin rage ɗauri, a mayar da ita hujjar turu.

Kada kuma ki ba takardar amanar da ba ta ɗauka ba. Zafin zuciyar da ke tafasa a fili take gani. Majinyacin da ya ƙudurta abu a ransa, ya yi shiru, yana ladabi, yana jiran dama, sifili zai samu har ranar da zai aikata. A nan sanin tarihinsa, da sanin wanda ruɗinsa ya ɗora wa laifi, da idon tsohuwar nas, su ne abin dogaro. Idan manyanki suka ce hankalinsu bai kwanta da wane ba alhali takarda ta ce sifili, a bi maganarsu, a rubuta dalili. Haka kuma yawancin gwajin waɗannan ma'aunai a Turai da Ostareliya da Kanada aka yi su, kuma abin da Banorwe zai kira hayaniya, a wurinmu wataƙila hira ce ta yi daɗi. Wannan ma wani dalili ne na auna kowa da halinsa na yau da kullum. Mafi muni shi ne takardar da aka cike a tebur minti biyar kafin tashi, ba a ko leƙa majinyacin ba, an jera sifili daga sama har ƙasa. Gara babu ita, domin tana sa mai karɓar aiki ya saki jiki.

Wani abu da ya kamata ki riƙa faɗa wa 'yan'uwan majinyata, da duk wanda ya ce miki kina aiki da mahaukata masu duka: ɗakinku ba madubin masu taɓin hankali ba ne. Zaɓaɓɓu ne aka tara a lokacin da ciwonsu ya fi tsanani. Yawancin masu wannan lalura ba sa taɓa kowa, sun ma fi zama waɗanda ake cuta. Babban binciken MacArthur na Amurka, a rahotonsa na 1998, ya samu cewa waɗanda aka sallama daga asibiti kuma ba sa shaye-shaye, ba su fi maƙwabtansu kai hari ba.

Shawarata gare ki, kada ki ɗauko takarda ki fara cikewa ke kaɗai a ɓoye. Ki kai maganar ga shugabar ɗakinku da likitan da ke kula da shi, cikin ladabi, ki nuna musu cewa abin da suke gani da ido ne za a riƙa rubutawa domin na dare ya san abin da na safe ya gani. A koya wa kowa ma'anar halayen shida iri ɗaya, a amince tun farko kan abin da za a yi a maki ɗaya, da abin da za a yi a maki uku, a riƙa karanta makin da baki lokacin miƙa aiki, kuma a buɗe littafin rubuta kowane hari da kowane ɗauri, domin bayan 'yan watanni ku gani da kanku ko abin ya yi muku amfani. In kuma aka taɓa ki a bakin aiki, kada ki haɗiye ki ce ai aikin ke nan. Ki kai rahoto a rubuce, a duba lafiyarki, a zauna a bi abin da ya faru kafin dukan.

Allah ya ba majinyatanku lafiya. Muna jiran wasiƙarki idan kun gwada.